Wutar da Baba Direba Yake Kashewa

Wutar ba ta kai girman farce ba. 'Yar fitila ce ruwan ɗorawa a gefen allon gudu, an zana ta da siffar inji, ba ta ƙara, ba ta hayaƙi. Amma duk ranar da ta kunnu, Baba Direba ba ya cin abincin kirki.

Shekara ashirin da shida yana tuƙa mutanen gidan nan. Ya tuƙa maigidan har ranar da ya kai shi asibiti bai dawo da shi ba. Ya tuƙa yaran zuwa makaranta har suka girma suka watse. Yanzu Hajiya kaɗai ta rage masa, da motarta mai shekara goma sha biyar. Babban ɗanta, wanda kowa ke kira Manaja tun da ya samu kujera a wurin aikinsa, shi ke riƙe da gidan. A faɗi gaskiya, ba mugun mutum ba ne. Mutum ne dai mai son komai ya tafi a kan tsari, ita kuwa tsohuwar mota ba ruwanta da tsarin kowa. Wata uku da suka wuce, bayan ta kwana biyu a gareji saboda matsalar giya, ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makullin tasa motar ya ce:

"Baba, ka ji ni da kyau. In motar nan ta sake kawo wata matsala, sayar da ita zan yi. In Hajiya za ta fita sai a kira mata mota ta waya."

Bai ce komai game da Baba Direba ba, kuma ba sai ya faɗa ba. In babu mota, me za a ajiye direba ya yi? Wa kuma zai ɗauki ɗan shekara sittin da uku, da furfurarsa, sabon aikin tuƙi?

Sati biyu bayan wannan magana wutar ta kunnu a hanyar kasuwa. Baba Direba ya ɗan karkata kafaɗa don kada Hajiya ta hango daga baya, ko da yake idonta ya yi rauni, allon gaba ba ta ganinsa sai dishi-dishi. Wani abokinsa direba, irin waɗanda suke zaman jira tare a inuwar asibiti, shi ya ba shi maganin: ka cire kan batir, ka ƙirga ɗari, ka mayar, shi ke nan wuta ta mutu. Ya gwada a bayan gida da sifana mai lamba goma, ya tayar da mota, allo ya fito tas. Har addu'a ya yi wa abokin nan.

Sai dai wutar ba ta yi zuciya ba. Bayan kwanaki ta dawo, ya kashe ta. Ta sake dawowa, ya sake kashewa. A hankali motar ma ta fara nuna hali. Wani lokaci da safe sai ta riƙa karkarwa kamar mai jin sanyi, in ya taka totur ta yi jinkiri kafin ta amsa, can kuma ta ware kamar ba ita ba. Yana ji a tafin ƙafarsa, yana ji a sitiyari, yana ta gaya wa kansa cewa man da ya sha ne ba shi da kyau.

Wata Litinin ƙarya ta ƙare. Sun fito da Hajiya za su gidan ƙanwarta, ya zo mahaɗar babban titi, ya duba ya ga akwai tazara tsakaninsa da wata tirela, ya shiga. A tsakiyar titi motar ta cije. Ya taka totur har ƙasa, tana rawa tana jan jiki, wutar kuwa ƙiftawa take yi babu tsayawa. Direban tirela ya danne hon da birki lokaci guda, ya wuce ta bayansu da abin da bai fi kamu biyu ba, yana zagin da ba zai maimaitu ba. Hajiya ta yi salati a hankali, ba ta ƙara ko kalma ba. Shi kuwa rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, kuma har suka isa bai duba madubi ba don kada su haɗa ido.

Washegari ya ce mata zai kai mota a duba iskar taya. Da yake Manaja kan biyo da safe ya gaida mahaifiyarsa, kuma yakan leƙa motar in zai wuce, sai hannun Baba Direba ya kai ga sifana tun kafin ya gama shawara da zuciyarsa. Da allo tas ya shiga gareji.

Garejin yana bayan wani gidan mai: rumfar kwano uku, ramin duba ƙasan mota ɗaya, tsofaffin tayoyi an jibge su a jikin katanga. Mai wurin mace ce da ta haura arba'in, kowa Injiniya yake ce mata. Tabaranta na rataye da igiya a wuya, na'urar binciken mota kuma tana cikin wata jaka mai kauri da ba ta bari kowa ya taɓa. Baba Direba bai taɓa yarda da na'urar nan ba. A saninsa bakanike kunne gare shi da hannu, ba mai danne-danne ba. Amma an ce matar ba ta canja abin da bai lalace ba, kuma yau ba shi da bakin zaɓe.

"Baba, sannu da zuwa. Me ke damun tsohuwar?"

"Wuta take kunnawa, 'yata. Wani lokaci kuma ta yi ta rawa."

"Yanzu tana kunne?"

"Ta mutu da kanta."

Ta durƙusa, ta laluba ƙarƙashin sitiyari ta soka wayar na'urar, ta ce ya murɗa makulli. Ta daɗe tana duba allon, ta sa ya tayar da inji, ta saurara. Motar kuwa, don ta kunyata shi, ko tari ba ta yi ba.

"Babu lamba ko ɗaya," in ji ta. "Cewa take lafiyarta ƙalau." Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Baba, daga gidanku zuwa nan kilomita nawa ne?"

"Zai kai bakwai."

"Ga shi nan kuwa, bakwai." Ta juya masa allon. "Ta ce tafiyar kilomita bakwai ta yi tun da aka goge mata ƙwaƙwalwa. Wa ya cire batir?"

Ya so ya ce mai gadin gidan ne, ya so ya ce kan batir ɗin ne ya yi sako-sako. Amma tsufa ya yi masa yawa da zai tsaya yana ƙarya a gaban sa'ar 'yar cikinsa. Ya cire hula ya sosa kai, ya faɗa mata komai, daga maganar Manaja har tirelar jiya. Ya ɗauka za ta yi dariya ko ta yi faɗa. Kujera ta jawo masa.

"Zauna, Baba. Wutar nan ba ita ce cutar ba. Duk lokacin da ta kunnu, kwamfutar motar tana rubuta abin da ya faru: lambar matsalar, zafin inji, gudun da kake yi, komai da komai. Kai kuma sai ka bi bayanta ka yage takardar. To ni da me zan yi aiki? Sai dai in fara canja kaya da ka, yau wannan gobe wancan, ni kuma ban iya wannan aikin ba."

"To yaya za a yi?"

"Ka koma da ita. Kada ka hau babban titi, kada ka yi nisa. In ta kunnu, ka bar ta a kunne ka kawo min ita a haka. Sifanar nan ka ba ta hutu."

"In Manaja ya gani fa?"

"Ya gani mana. Gara ya ga wuta a allo da a kira shi a waya daga bakin titi."

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Ya koma gida jikinsa a sanyaye.

Laraba ta wuce lafiya. Ranar Alhamis da sassafe ya yi abin da ya saba yi kowace Litinin da Alhamis tun zamanin maigidan: ya jawo tiyo ya wanke motar ciki da waje, ya buɗe bonet ya wanke injin shi ma har yana ƙyalli. Da wannan yake alfahari a cikin direbobi. Ko yaushe ka buɗe bonet ɗin motarsa, ba za ka samu ƙurar da za ka shafa da yatsa ba.

Yana cikin goge gilashi Manaja ya shigo da ƙafa. Matarsa ta fita da motarsa, shi kuma ya ɗauki rabin yini daga ofis don ya raka Hajiya wurin likitan ido. Ya buɗe mata ƙofar baya, ya zagayo ya zauna a gaba.

Ba su fi kilomita ɗaya da gida ba motar ta yi ɗan karkarwa, wutar ta fito. Akwai hankici a kan cinyar Baba Direba. Da ya ɗora shi a gaban allon kamar mai shanya shi, da babu wanda zai lura, don Manaja na ta faman danna waya. Ya dubi hankicin, ya tuna hon ɗin tirela, ya bar shi inda yake. Sai da suka kusa asibiti Manaja ya ɗago kai.

"Baba, wannan wutar fa?"

"Ta inji ce, yallaɓai. Yau zan kai ta gareji."

Manaja ya ja dogon numfashi ya mayar da wayar aljihu. "Mun yi magana da kai, Baba." Da suka tsaya ya taimaka wa mahaifiyarsa ta fito, sannan ya sunkuyo ta taga. "Ka wuce garejin kawai. Mu za mu kira mota in mun gama. Da yamma sai mu zauna."

Baba Direba ya tsaya yana kallon bayansu har suka shige. Rabon da wani ba shi ba ya mayar da Hajiya gida, ya ma manta. Ya ja motar a hankali da wutarta a kunne kowa na gani.

"Yauwa," in ji Injiniya da ta leƙa allon. "Yanzu ka kawo min mara lafiya da katinsa."

Na'urar ba ta ɗau lokaci ba. Lambar matsalar ta fito a allo: P0303. Ta yi masa bayani da yatsu huɗu a miƙe, ta lanƙwashe na uku: injin silinda huɗu gare shi, na ukun ne yake fashin kama wuta, shi ya sa motar take ɗingishi. Sannan ta buɗe abin da kwamfutar ta rubuta a lokacin da abin ya faru, ta karanta tana motsa baki.

"Injin ko ɗumi bai gama yi ba. Minti biyu da tayarwa. Da safe take yi maka haka ko da rana?"

"Da safe."

"Kowace safiya?"

Ya yi tunani. "A'a. Wani lokaci sai ta yi kwana biyu, uku, lafiya lau."

Ta buɗe bonet, ta tsaya tana kallon injin nan mai ƙyalli, kallon da bai yi masa daɗi ba. Ta kwance ƙusa ɗaya, ta zaro kwayil na uku, wato abin da ke kai wa fulogi wuta. Robar jikinsa ta tsage, bakinsa ya yi kore da tsatsa, ruwa na ɗiga daga ƙarshensa. Ta haska tocila cikin ramin fulogin ta matsa gefe.

"Leƙa, Baba."

Ya leƙa. Ruwa ne kwance a ciki, yana ƙyalli a hasken tocilar.

"Ranar tirelar nan wace rana ce?"

"Litinin."

"Yau kuma Alhamis. Wace rana kake wanke injin?"

Ya dafa gefen motar. Ashe duk watannin nan da yake zargin mai, yana zargin tsufan mota, yana ma zargin masu hassada a zuciyarsa, da hannunsa yake ɗura mata cutar sau biyu a sati, da safe, da bisimilla.

"Shekara ashirin da shida ina wanke inji," ya ce da ƙyar. "Marigayi da kansa yake tsayawa a kaina."

"Na yarda. Ita ma wannan ta daɗe tana haƙuri da kai, sai da robar ta tsufa ta tsage ruwan ya samu hanya. In ya taru, wutar sai ta bi ruwa ta ƙi bin fulogi. Injin in ya yi zafi ruwan ya ragu, sai ta ware, ka ɗauka ta warke. Kai ba mugunta ka yi mata ba, Baba. Son da kake mata ne ya yi yawa."

Ta busa ramin da injin iska har ya bushe ƙarau, ta canja fulogin da kwayil ɗin, ta duba sauran ukun ta ga ba su kai nan ba, ta shafa musu wani farin man kariya ta mayar. Sannan ta goge lambar da na'ura, ta shiga gaba ta ce ya ja su zagaya. Suka hau babban titi, ya taka, motar ta amsa tun kafin ƙafarsa ta gama sauka. Layin silinda na uku a allon na'urar ya tsaya a sifili har suka dawo.

"Daga yau tsumma kawai," in ji ta tana rubuta takarda. "Tiyo ya tsaya a taya da jiki." Ta ɗan dakata da biron. "Abin da zan rubuta shi ne kwayil na uku ya lalace, an canja, sauran inji lafiya. Duk gaskiya ne. Abin da ya lalata shi kuma, wannan tsakaninka da mutanen gidanku ne, ni ba za a ji a bakina ba."

Ya gode mata, ya ninke takardar ya sa a aljihu. Duk hanyar gida yana juya maganar. Takardar nan kaɗai tana iya fitar da shi: ƙaramin abu ne, an gyara, mota lafiya. Manaja mai son takarda ne, watakila ya haƙura. Amma ya san kansa. In ya yi shiru yau, kullum ya duba madubi ya ga Hajiya a baya sai ya tuna ya kusa kai ta ƙarƙashin tirela don ya tsira da aikinsa.

Bayan la'asar ya same su a falo, Hajiya a doguwar kujera da ɗigon magani a idonta, Manaja a gefe. Ya cire takalmi ya durƙusa a bakin kafet, ya miƙa takardar. Manaja ya karanta, fuskarsa ta ɗan saki.

"Kwayil kawai?"

"Akwai saura, yallaɓai, wanda ba ya cikin takarda."

Ya faɗa duka, bai rage ba: tiyo, sifana, sau biyar da ya kashe wutar, da mahaɗar titi ranar Litinin. Yana magana yana kallon zanen kafet. Da ya zo kan tirela, Manaja ya miƙe tsaye.

"Tirela? Da mahaifiyata a ciki? Kuma washegari ka sake cire batir don kada in gani?" Babu wanda zai ce bai da gaskiya. "Baba, da wani ne ya faɗa min za ka yi haka, da na ƙaryata shi. Kawo makullin."

Baba Direba ya zaro makullin ya ajiye a kan tebur. Bai roƙi komai ba, don bai ga bakin roƙo ba.

"Kafin ka ɗauka," in ji Hajiya, "zauna ka ji nawa laifin."

Manaja ya zauna.

"Sau biyar tashata ta ɓace a rediyon motar nan. Duk ranar da na shiga na ji Baba Direba yana lalube yana neman ta, na san an taɓa batir, don haka take yi tun mahaifinku yana da rai. Idona ne ya yi rauni, ba hankalina ba. Ranar tirela kuwa ina ciki, ba labari aka ba ni ba."

"Kuma kika yi shiru, Hajiya?"

"Na yi shiru. Tsoron da yake ji shi nake ji." Ta goge ruwan maganin da ya gangaro mata da gefen mayafi. "Motar wayar nan taka, ni ban iya kiranta ba. Sai dai in zauna in jira ka fito daga taro ka tuna da ni. Yau ka ga yadda mai ita ya tsaya mana a bakin kwata, yana ta duba agogo ina neman inda zan sa ƙafa. Shi kuwa bawan Allah nan ya san ranar da nake zuwa wurin ƙanwata ba sai na faɗa ba, ya san ramin da zai rage gudu saboda bayana. Ranar da makullin nan ya bar gidan nan, ni ma na gama fita ke nan, sai dai ranar da za a fitar da ni."

Manaja ya dubi mahaifiyarsa ya daɗe, kamar yau ya fara lura da yadda ta tsufa. Ya sake ɗaukar takardar ya karanta, ko da yake layi biyu ne kacal kuma ya riga ya haddace su. Can ya sa yatsa ya tura makullin zuwa bakin teburin.

"Baba, daga yau in ta kunna wuta, ni za ka fara kira. Ko ina cikin taro ne."

Da hannu biyu Baba Direba ya ɗauki makullin. Sai ya tashi ya nemi takalmansa da sauri, don kada yaron da ya yi shekaru yana kaiwa makaranta ya ga yana kuka.